Taurarin Apolonia Mai Fara

Faɗan da na yi da Apolonia, wanda har yau 'yan kasuwarmu ta Oaxaca ba su manta ba, a kan saƙon 'yarta ne. Da hantsi ne, kasuwa ta cika maƙil, ina zuba wa wani ɗan dako kunun masara, ita kuma tana gefena kamar kullum da kwandunan soyayyar fararta, ja wur da barkono. Sai wayata ta yi ƙara. Herlinda ce daga Puebla, 'yar Apolonia tilo, wadda rabonta da uwarta ya haura shekara goma sha biyar. Ni ta kira saboda ni na riƙe ta a coci ranar baftismarta. Ta ce 'yarta Nayeli za ta cika goma sha biyar a watan Disamba, za a yi mata bikin zama budurwa, kuma yarinyar ta kafe sai kakarta ta zo.

"Inna Chencha, ki gaya mata na ajiye mata kujera," in ji ta. "Iyakar abin da zan iya ke nan. In ta zo, ta zo."

Na juya na ce, "Pola, tashi ki taka rawa, 'yarki ta buɗe miki ƙofa."

Ta goge hannu a zanen gabanta, ta daɗe tana kallon farar kamar ba ta taɓa ganin fara ba, sannan ta ce, "Bari in ji ta bakin Don Abundio tukuna."

"Don Abundio mai duba? Shi ya yi miki naƙudar?"

"Ke ba ki san komai ba, Chencha. Tauraronki kunama ne, shi ya sa bakinki duk dafi."

"Tauraron nawa tukunyar nan ce, ita ke ci da ni. Ke kuwa tsohuwar banza, kin tsufa kina tambayar ƙattai ko ke wace ce. Zo ni in gaya miki kyauta: wawuya ce ke mai warin tafarnuwa!"

Ta cika gwangwanin awonta da fara, ta miƙe, ta juye mini shi a tukunyar kunu. Farar ta taso tana yawo a sama ƙafafu a miƙe. Ɗan dakon nan ya leƙa ya ce, "Inna, ƙara mini a haka, yau na samu kunu da nama." Layi gaba ɗaya ya kwashe da dariya, ni kuwa na bi ta da ludayi har rumfar masu barkono. Mun yi kwanaki muna gaba, kafaɗa tana gugar kafaɗa.

Apolonia ba 'yar birni ba ce. Daga wani ƙauye take can kan duwatsu, inda gajimare ke kwana a tsakar gidan mutane. Tana ƙarama ƙwarai, ko haƙoranta ba su gama sakewa ba, uwarta ta haɗa ta da wani mai jakuna ya kawo ta aikatau gidan wasu masu kanti. Abin da ta zo da shi riga ɗaya ce da takardar haihuwa a naɗe cikin ganyen ayaba. A gidan ta koyi wanki da shiru, ta kuma tsinci karatu kaɗan a bakin 'ya'yan gida. Da ta girma ta auri wani birkila da bai daɗe ba ya faɗo daga bene, ya bar ta da goyo. Daga nan ta kama fara. Kuma wallahi ta iya: ba ta taɓa sayar da ta kwana ba, tafarnuwa da lemun tsami daidai, in ka tauna sai ka ji ƙarar har cikin kunnenka.

Ta ciyar da Herlinda, ta tufatar da ita, ta sa ta makaranta. Amma ban taɓa ganin ta rungume ta ba. In yarinyar ta faɗi ta zo da kuka, sai ta duba gwiwar ta ce, "Ba jini, je ki." Ba mugunta ba ce. Hannun ne kamar bai san hanyar ba.

Herlinda tana gab da gama makaranta wani yaron mota ya yi mata ciki ya ɓace. Apolonia ba ta dake ta ba, ba ta zage ta ba. Ta tattara kayanta ta zuba a buhun fara, ta kawo kasuwa ta ajiye mata a gaban jama'a. Yarinyar ta ɗauki buhun, ta dubi uwarta ta ce, "Inna, ke ba mutum ba ce. Dutse ce ke." Ta tafi.

Maganar nan ce ta shiga Apolonia ta ƙi fita. Tana awo tana jin ta, tana coci tana jin ta. Dutse ce ita? In dutse ce, haka aka halicce ta ko ita ta mai da kanta? In halitta ce, to ba ta da laifi, amma kuma ba ta da magani. In ita ta yi, to da me za ta kalli yarinyar? Tsakanin biyun nan ta rayu, kuma su suka kai ta bayan kasuwa, layin masu kyandir da turare, inda 'yan duba suke.

Na farko Don Abundio, mai ilmin taurari, tsoho mai tsafta da tabarau a kan hanci. Ya tambaye ta ranar haihuwa. Wannan kuwa ba ta da shakka a kai. A ƙauyukanmu ranar da aka haife ka, a duba kalanda, waliyyin da ya faɗo a ranar shi ne sunanka. Ita Apolonia ce, ranar waliyya Apolonia a watan Fabrairu take, takarda ma haka ta ce. Ya zana mata da'ira ya yayyanka ta kamar lemo, ya ce tauraronta mai tulun ruwa ne.

"Irinku, Doña, kuna shayar da duniya amma na kusa da ku na kwana da ƙishi. Ba ƙiyayya ba ce. Haka sama take ranar da kika zo."

Ranar ta dawo rumfa fuskarta a sake, har gyara ta yi wa mutane. Sama ce ta yi, ba ita ba.

Da ta tsaya nan da da sauƙi. Amma sai ta ji labarin wata Señora Ofelia mai hisabi, mai kilbibi da janbaki, wadda ke tara haruffan suna da ranar haihuwa ta fitar wa mutum da lambarsa. Ta tara, ta sake tarawa, ta ce, "Ke ai uwa ce ta gaske. Lambarki ta masu riƙon gida ce, zuciya kamar man shanu. Wani abu ne dai ya toshe ki." Apolonia ta fito tana tambayar kanta. To in zuciyarta man shanu ce, wa ya zuba kayan yarinya a buhu?

Ta uku Casilda mai karta, ƙatuwar mace mai shan taba, wadda ba ruwanta da ranar haihuwar kowa. Ita a wurinta sai ka yanka kartar da hannun hagu kashi uku, kana cewa, "Domin ni, domin gidana, domin abin da nake jira." Sai ta baje ta karanta. Yau a ga sarauniya mai takobi, gobe a ga hasumiya tana rushewa, jibi a ga mace tana shafa kan zaki. Casilda takan ce, "Karta ba ta faɗin ko ke wace ce, baiwar Allah. Tana nuna miki inda kike tsaye yau ne. Gobe kuma sai ki dawo."

Haka ta riƙe su ukun nan kamar mai maza uku, kowa da ranarsa. Ta zama gwana. Takan zauna ta yi mini bayani ina tuƙa kunu: taurari suna faɗin yadda aka gina ka, hisabi yana faɗin abin da aka aiko ka yi, karta kuma madubi ce. Mai sayen fara ya tsaya, sai ta tambaye shi watan haihuwarsa ta faɗa masa halinsa, kuma sau da yawa ta dace. Kowa ta sani ban da mutum ɗaya, ita kanta. Nakan ce mata, "Pola, motar Puebla tana tashi kullum. Je ki tambayi yarinyar, ita ta san ki." Sai ta ce sai ranar da bakin ukun ya zo ɗaya. Shekaru suka yi ta wucewa, bai zo ba.

To bayan faɗan kunun nan, ita ta fara yi mini magana. Ta miƙo mini fara a ganye ba ta kalle ni ba, ta ce, "Ina so in je, Chencha. Amma in na je na zauna a kujerar nan kamar gunki fa? In yarinyar ta rungume ni hannuna ya ƙi tashi? Gara ban je ba da in ɓata musu sau biyu."

Don Abundio ya ce mata zai iya raba gardamar, amma sai da sa'ar da aka haife ta, ko safe ne ko yamma, don tauraron da ke fitowa a lokacin shi ke riƙe da asirin zuciya. Wanda ya rage a duniya da zai sani mutum ɗaya ce, Gwaggo Tiburcia, ƙanwar ubanta. Apolonia kuwa tun da mai jakuna ya sauko da ita ba ta koma ƙauyen ba. Ta roƙe ni in raka ta. Na zage ta, na rufe tukunya, na bi ta.

Mun isa ranar farko ta bikin matattu, ranar tunawa da ƙananan yaran da suka rasu. Gari duk ya tafi maƙabarta, rana tsaka, ko'ina fure ruwan ɗorawa da hayaƙin turare, mata na share kaburbura, an jera burodi da alewa da madara a ƙananan kofuna. Aka nuna mana Gwaggo Tiburcia, tsohuwa ta ƙanƙance kamar busasshen barkono, tana durƙushe gaban wani ɗan kabari da bai fi tsawon hannu ba. Apolonia ta gaishe ta ta faɗi ko ita wace ce. Tsohuwar ta shafa fuskarta ta ce, "Kin yi ƙiba. Riƙe mini furen nan."

Ni ban iya karatu ba, don haka ban ga abin da ta gani ba. Na dai ga ta tsaya da fure a hannu tana kallon ɗan gicciyen ƙarfen da ke kan kabarin, leɓenta na motsi. Ta karanta, ta sake karantawa.

"Gwaggo, wannan sunana ne."

"Eh mana."

"Da ranar haihuwata."

"Ta yayarki dai. Ai ita aka haifa ranar waliyyar. Kyakkyawa, fara sol, ba ta kai ga zama ba zawo ya ɗauke ta. Sai ga ki kin biyo baya. Ofishin rajista tafiyar kwana ce a ƙafa, ubanki ga gona, takarda kuma ga ta a gida sabuwa ba wanda ya mora. Sai aka bar miki. Ba ke kaɗai ba ce, rabin garin nan haka aka yi musu. Miƙo furen."

Apolonia ta miƙa. Muryarta ta yi ƙasa. "To ni yaushe aka haife ni?"

"Ana ruwa. Ko kuwa an fara karyar masara? Tsaya. Shekarar da gadar ƙasa ta karye ce, ko wadda ta biyo ta. Wa ke riƙe irin wannan, 'yar nan?"

"Da safe ko da yamma?"

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. "Ina gona ranar."

"Innata fa, da wane suna take kirana?"

Gwaggo Tiburcia ta gyara kofin madara. "Ba ta iya kiran sunan ba, bakinta ba ya ɗauka. In za ta kira ki sai ta ce, 'Ina ɗayar?' Ba ta ƙi ki ba fa. Tsoro take kada ta saba da ke ke ma ki tafi. Shi ya sa ko goyonki ni na yi."

A mota muna saukowa ba ta yi kuka ba. Da ta yi da na ji daɗi. Ta zauna da hannuwa a cinya tana kallon ramuka. Ni na cika da magana. Na ce mata ga amsarta nan ta samu ba da taurari ba: wadda ba a runguma ba ina za ta koyi runguma? Na ce wannan kowace mai hankali za ta gane, Herlinda ma za ta gane. Ta ce, "Uhm." Ba ni take ji ba.

Washegari ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Don Abundio, in faɗi gaskiya, bai cuce ta ba. Ya cire tabarau ya ce, "Doña, duk abin da na gaya miki shekarun nan, na jaririyar nan ne. Da ta rayu da haka za ta zama. Ke kuwa ba rana, ba wata, ba ni da inda zan dafa." Señora Ofelia ta ce a gwada da suna kaɗai, sai ta tuna sunan ma na aro ne. Ta ce ko za ta zaɓi sabon suna? Apolonia ta tashi ta fita.

Saura Casilda. Na bi ta don na ga tafiyarta ba daidai ba. Casilda ta ji labari ta busa hayaƙi ta ce, "Ni dama ban taɓa tambayarki takarda ba. Zauna. Yanka." Apolonia ta ɗora hannun hagu a kan kartar. Ta buɗe baki ta ce, "Domin..." Sai ta tsaya. Muka jira. Casilda ta ce, "Domin ni. Faɗi mana, kin faɗa sau nawa a ɗakin nan." Hannun Apolonia yana kan karta. Ta janye shi a hankali ta sa a ƙarƙashin mayafi.

Daga ranar fararta ta lalace. Yau gishiri ya yi yawa, gobe ta ƙone. Mai saye ya ce, "Doña Pola," sai ya kira sau biyu kafin ta ɗago. Na yi lallashi, na yi zagi, na kai ta wurin fada, limamin cocinmu, ya ce mata Allah ya san tumakinsa ko ba takarda. Ta yi godiya ta sumbaci hannunsa, ta fito yadda ta shiga. Wata rana ta ce mini, "Da can ina da amsa uku, Chencha, ina kukan sun yi yawa. Ashe duk na wata ne. Na cinye mata suna, na cinye mata taurari, ko fure ban taɓa kai mata ba."

"Jaririya ce, Pola, ba ta san kin yi ba. Mai rai tana Puebla tana jiranki."

"Wa zan ce mata ya zo?"

Duk da haka na ɗauka na ci nasara. Ana jibi biki ta soya fara mai kyau irin ta da, ta cika kwando ta rufe da farin ƙyalle, ta saya wa Nayeli 'yan kunne. Ranar tafiya ta sa rigarta ta coci, ta yi kitso biyu da jan zare. Muka isa tasha da safe. Motar Puebla tana tsaye ana lodi. Na tsaya sayen ruwa, na juyo ban gan ta ba. Can na hango ta ta taga, a cikin wata tsohuwar mota mai hawa duwatsu, tsakanin buhunan taki da wata mai kaji.

Sauran labarin gajere ne. Ni kaɗai na je Puebla. Nayeli ta fito cikin riga shuɗiya kamar amarya, ta yi rawa, idonta na kan ƙofa. Kujerar tana nan kusa da ta Herlinda, an ɗaura mata fure, ba wanda ya zauna har aka tashi. Na ba da farar, aka ci aka yaba. Herlinda ta ɗauki guda ɗaya ta tauna, ta shiga ɗaki ta daɗe. Da na ba ta labarin kabarin ta saurara har ƙarshe ta ce, "Allah sarki. To ni ina ruwana da sunanta? Inna nake ce mata." Ta ce ba za ta hau dutse neman wadda aka ajiye wa kujera ta ƙi ba, kuma ban ga laifinta ba.

Apolonia ta zauna wurin Gwaggo Tiburcia. An ce kullum tana maƙabarta tana share ɗan kabarin, tana cire ciyawa. Na aika mata saƙo ta bakin direbobi ba adadi, amsa ɗaya ce, tana gaishe ni. Gwiwoyina ba su bar ni na sake hawa ba. Damina ta biyu sanyi ya kama ƙirjinta, ta rasu. Aka binne ta gefen yayarta, maƙerin garin ya duba takarda ya buga abin da ya gani. Yanzu gicciye biyu ne a jere, babba da ƙarami, suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya.

A tashar nan kuwa, ranar tafiya Puebla, na je jikin tagar na buga da tafin hannu har ta buɗe. Na ce, "Sauko, mahaukaciya, ba motarki ba ce."

"Ita ce, Chencha."

"Saurara. Ranar da aka haife ki ba wanda ya sani, na yarda. Amma ranar da kika haifi yarinyar nan ina wurin. Ni na riƙe miki kafaɗa, kin cije ni a nan, ga tabon. Ba jaririyar kabari ce ta yi wannan naƙudar ba, ke ce."

Ta dubi tabon. Ta miƙo hannu ta taga kamar za ta taɓa shi, na ga yatsun sun zo kusa, sai ta fasa. Ta sunkuya ta ɗauko kwandon fara da ƙullin 'yan kunnen ta miƙo mini. Direba ya tayar da mota. Na bi ta da kwando a hannu ina ɗingishi, mutane na kaucewa, hayaƙi na shiga mini baki, ina ɗaga murya.

"Pola! Ke Pola, don Allah! To ni me zan ce wa yarinyar?"